Kafin Katafila Ta Iso: Yadda Ƙauye Zai Tsare Gonakinsa Da Huruminsa Daga Yankan Fuloti

Duk wanda ya fita daga Kano ta hanyar Zariya, ko ta Katsina, ko ta Haɗeja, ya san abin da ake magana a kai. Wuraren da a da sai gero da dawa da ɗorawa iya ganinka, yanzu turakun siminti ne, da harsashin ginin da aka tayar aka bari, da allunan masu sayar da fili. Ƙananan hukumomi takwas ake lissafawa a matsayin birnin Kano, amma igiyar awo ta daɗe da tsallaka Ungogo da Kumbotso, ta shiga Dawakin Kudu da Gezawa da Dawakin Tofa da Madobi. Haka abin yake a gefen Kaduna da Zariya da Katsina da Sakkwato.

Ba za a hana birni girma ba, kuma ƙungiyar da ta tashi da niyyar hana kowane gini ta faɗi tun kafin ta fara. Mutane suna buƙatar muhalli, manomi kuma yana da ikon rabuwa da gonarsa idan ya ga dama. Abin da za a iya karewa shi ne abin da idan ya tafi ba ya dawowa kuma ba na mutum ɗaya ba ne: fadama, burtali, mashaya, makiyaya, kududdufi, maƙabarta, filin idi, filin makaranta, da hurumin gari. Waɗannan su ake fara cinyewa, saboda kowa ya san na gari ne amma babu takarda ko ɗaya da ta faɗi haka. Ƙauye ba ya rasa ƙasarsa ranar da katafila ta zo. Ya riga ya rasa ta shekara biyu ko uku kafin nan, lokacin da aka zana taswira a ofis ba wanda ya sani, dillalai kuma suka bi magada ɗaya bayan ɗaya.

Ƙasar da ke kewaye da Kano ba daji ba ce da ake jiran a raya. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarinta tun shekarun 1960, ya nuna yadda ake noma ta kowace shekara ba hutu ba tare da ta mutu ba, saboda takin dabbobi da sharar birni da jakuna ke kaiwa gona, da itatuwan da manoma ke bari a tsakiyar shuka: gawo, ɗorawa, kuka, tsamiya, kanya. Irin wannan ƙasa zuriya bayan zuriya ce ta gina ta. Tifa kuwa a mako guda take kwashe samanta.

Wa ke yankan, kuma da wace doka?

Tambayar farko ke nan, domin maganin ya bambanta. Hanyoyi uku ne ƙasar noma ke komawa fuloti. Akwai awon gwamnati, inda jiha ke karɓar gonaki ta zana unguwa. Akwai awon igiya, inda dillali ko attajiri ke sayen gona ya yanka da kansa ba tare da amincewar hukumar tsara birane ba. Sai kuma masu haƙar yashi da marmara da fasa dutse, waɗanda ba gini suke yi ba amma ramin da suke bari ya fi gini ɓarna.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ce uwa a nan, kuma an ɗaure ta a cikin tsarin mulki na 1999, sashe na 315. Sashenta na 1 ya damƙa ƙasar jiha duka a hannun gwamna a matsayin amana. Ƙasar birni gwamna ke kula da ita kai tsaye, ta karkara kuma ƙaramar hukuma. Amma sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Saboda haka aikin farko na kwamitin da ƙauye zai kafa don tsare filayensa shi ne ya gano ko ƙauyensu yana cikin da'irar birni a takarda, ko da kuwa a ido karkara ce. Idan yana ciki, takardar da shugaban ƙaramar hukuma zai bayar a kan fili ba ta da ƙarfi, kuma duk wasiƙar da aka aika masa ɓata lokaci ce. Ana samun wannan amsa a ma'aikatar ƙasa da safiyo, ko hukumar adana bayanan filaye, wato KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna.

Manomin da ke noma gonarsa a wajen birni tun kafin 1978, ko ya gaje ta daga wanda yake nomawa, sashe na 36 ya ɗauke shi tamkar wanda aka ba haƙƙin mallaka na gargajiya, ko ba shi da takarda. Yana iya kai zanen gonar ƙaramar hukuma a yi masa rajista. Mutane kaɗan ne suka san wannan, waɗanda suka yi kuma sun fi ƙaranci. A cikin wannan sashen akwai wata magana da ba kasafai ake aiki da ita ba: ya hana a rarraba irin wannan ƙasa a yanka ta fuloti-fuloti. Ba a cika gurfanar da kowa a kai ba, amma lauyan ƙauye zai ji daɗin samunta a hannu idan ana jayayya da mai awon igiya.

Idan gwamnati ce mai karɓa, sashe na 28 ya ce sai don maslahar jama'a, kuma sai an ba mai haƙƙi sanarwa da sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta. Sashe na 44 ya faɗi yadda ake isar da ita: a hannunsa, ko a gidansa, ko ta wasiƙa mai rajista, ko idan an yi bincike ba a gano shi ba a liƙa ta a wuri bayyananne a filin. Shela a rediyo ko saƙon baki ta hannun mai unguwa ba su cika wannan sharaɗi ba. Kotun Ƙoli ta tsaya a kan haka a shari'ar Osho da Foreign Finance Corporation ta 1991, ta kuma ce dole a faɗi dalilin karɓar. A shari'ar Goldmark da Ibafon ta 2012 ta soke karɓar filin da aka yi da sunan jama'a aka miƙa wa 'yan kasuwa. Sai dai kada a yi saurin murna. Ma'anar maslahar jama'a a dokar tana da faɗi, ta haɗa da tsara sababbin unguwanni da bunƙasa masana'antu da noma. Shi ya sa ƙauyuka suka fi cin nasara a kan rashin sanarwa da karkatar da fili fiye da jayayya kan manufar aikin.

Diyya ita ce wurin da zuciya ke karyewa. Sashe na 29 ba ya biyan kuɗin ƙasar kanta, sai abin da ke kanta: gini, rijiya, shuka, itatuwa. Gonar da aka share bayan girbi, a idon wannan sashe, kusan ba komai a kanta. Akwai kuma sashe na 6, sakin layi na 6, wanda ya ce idan aka soke haƙƙin gargajiya a kan gona, ƙaramar hukuma ta ba manomin wata gonar a madadinta. A rubuta wannan a kowace takardar koke, domin ba wanda zai tuna da shi don kansa. A Kano an saba ba mai gona wani kaso na fulotan da aka yanka, yawan kason kuma yana canzawa daga gwamnati zuwa gwamnati, don haka a nemi a ga ƙa'idar a rubuce.

Aikin rani: taswira da shaidu

Lokacin wannan aiki shi ne bayan an kai amfanin gona gida, sa'adda iyakoki ke bayyane, dattawa kuma suna da sukuni. A fita da mai unguwa, da liman, da ardo ko wakilin makiyaya, da dattawa uku ko huɗu da suka san gari tun suna yara, da saurayi mai waya da ya iya ɗaukar lambobin wuri. A zaga kowane fili na gari kusurwa-kusurwa. A kowace kusurwa a ɗauki lamba, a ɗauki hoto da mutum tsaye kusa da alama ta dindindin kamar kuka ko dutse, a rubuta sunayen maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa. Burtali a auna faɗinsa a wurare da yawa, duk bayan mita 100 ko 200, domin ba a cinye burtali gaba ɗaya, kunya ɗaya-ɗaya ake ci kowace damina har ya zama saniya biyu ba sa iya jerawa.

Lambar waya tana iya kuskuren mita 3 zuwa 5, ko fiye a ƙarƙashin inuwa, saboda haka ba za ta tsaya a kotu a madadin safiyo ba. Amfaninta shi ne ta nuna inda za a kashe kuɗi. Filaye biyu ko uku mafiya haɗari su za a kira wa safiyo mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa masu safiyo rajista, ya kafa turaku masu lamba, ya zana taswira, ya kai kwafi ofishin babban safiyon jiha. Wannan mataki na ƙarshe shi ake yawan tsallakewa don ragin kuɗi, alhali taswirar da ba a ajiye a can ba ba wanda zai gan ta ranar da ake zana sabuwar unguwa. A tambayi safiyon shaidar ajiyewa kafin a cika masa kuɗinsa.

Manhajar Google Earth Pro ta kwamfuta kyauta ce, kuma tana nuna tsofaffin hotunan sama na wuri guda shekara bayan shekara. A fitar da hoton fadama ko kududdufi na shekarun baya da na bana, a buga su a babbar takarda gefe da gefe. Ba abin da ke sa jami'i ya gyara zama kamar wannan.

Sai shaidar baki. Dattijon da ya san ranar da aka keɓe makiyaya, da hakimin da aka yi a zamaninsa, ba zai dawwama ba. A naɗi muryarsa, a rubuta, a kai shi kotu ya yi rantsuwa a kan takardar. A binciki tsofaffin rasitan haraji da jangali, da littafin dagaci, da ofishin gandun daji na ƙaramar hukuma. Idan makiyayar tana cikin waɗanda aka keɓe a ƙarƙashin dokar makiyaya ta Jihar Arewa ta 1965, a nemo lambar gazet ɗinta. Cikin makiyayu fiye da 400 da ake lissafawa a ƙasar nan, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai aka yi wa gazet, kuma bambancin da ke tsakanin mai gazet da marar gazet a gaban alƙali babba ne. Rumbun adana tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana da fayilolin gundumomi na zamanin En'e, wasu da taswirar hurumi da burtali a ciki.

Duk abin da aka tara a yi kwafi uku a ajiye a gidaje uku daban, a kuma ɗauki hotonsa. Fayil ɗaya a hannun sakatare ɗaya, ranar da aka saye sakataren an saye ƙauyen.

Su wa za su zauna a kwamiti

Mutum bakwai zuwa goma sha ɗaya sun isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a cika kwamiti da masu manyan gonaki da 'yan bokon gari mazauna birni. Masu manyan gonaki su ne dillali zai fara yi wa tayi mai tsoka, kuma ba laifinsu ba ne idan suka karɓa. Waɗanda ba su da abin sayarwa amma za su yi asara su ne ƙashin bayan tafiyar: mai noman aro, mai haya, mai riƙe da jingina, 'yan lambu, makiyaya, masu yin tubali da tukwane da ke ɗibar ƙasa a kududdufi, mata masu tsintar ɗorawa da kaɗanya. Doka ma ta ambaci wanda ke zaune a kan fili tare da mai shi wajen diyyar abin da ya shuka.

Batun mata ba na ado ba ne. Gonakin gado da yawa ba a raba su ba, kuma 'yan'uwa maza sukan sayar ba tare da an tambayi 'ya'ya mata da matan mamaci ba. Wannan zalunci ne, kuma ta fuskar shari'a rauni ne a cinikin. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi akwai shufu'a: idan abokin tarayya a gonar da ba a raba ba ya sayar da kasonsa ga bare, sauran suna da haƙƙin karɓar kason a kan kuɗin da aka saya. Haƙƙin na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, kuma wanda yake nan ya sani ya yi shiru har shekara ta wuce ya rasa shi. Ga dangin da ke son riƙe gandunsu, asusun da za a iya fanso kaso da shi cikin gaggawa ya fi zanga-zanga goma amfani. Akwai kuma hauzi: wanda ya ga bare yana gini ko noma a filinsa shekara 10, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, da wuya kotu ta saurare shi daga baya. Don haka duk wanda ya ci iyakar hurumi a rubuta masa takarda a gaban shaidu tun a shekarar farko, ko da ba za a kai shi ƙara ba.

Filin da mai shi ke son ya tsira har bayan ransa, waƙafi ne hanyarsa, domin abin da aka yi hubusi ba a sayarwa ba a gado. A rubuta, a sa shaidu, a faɗi amfanin da aka keɓe shi dominsa da wanda zai kula, a yi rajista a kotun shari'a, a kai kwafi hukumar zakka da hubusi ta jiha.

Dagaci da hakimi a girmama su, a fara da su, kada su ji labari a rediyo. Amma kada a ba su shugabancin kwamiti. Suna ƙarƙashin masarauta da gwamnati, ana iya dakatar da su da takarda ɗaya, kuma a wurare da yawa sa hannunsu ne ke kan takardun cinikin da ake ƙorafi a kai, da la'adarsa. A bar su a matsayin iyaye. Haka 'yan siyasa: a karɓi taimakon kansila da ɗan majalisa na kowace jam'iyya, amma ranar da aka ga hular wata jam'iyya a kan teburin taro, gwamnati ta samu amsar da za ta bayar har abada, wato 'yan adawa ne.

A yi wa ƙungiya rajista. Ta ƙaramar hukuma ko ta ƙungiyar gama kai tana da sauƙi kuma ta isa a fara. Idan ana hangen shari'a ko riƙe fili da sunan gari, sai a yi rajistar amintattu a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, wadda ke buƙatar tsarin mulki na ƙungiya da sanarwa a jarida da jiran kwana 28 ko wani zai yi jayayya. Asusun banki ya zama sai mutum biyu cikin uku sun sa hannu, a kuma karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, bayan sallar Juma'a ko ranar kasuwa. Zargin cin kuɗin gudummawa ya kashe irin waɗannan ƙungiyoyi fiye da barazanar hukuma.

Takarda, ofis, rediyo, kotu

Takardar koke kada ta wuce shafi biyu. Ta faɗi sunan fili, girmansa, lambobin turakunsa, gidaje nawa ke amfana da shi, abin da ke faruwa da ranar da ya fara, sashen dokar da aka taka, da abu ɗaya ko biyu da ake nema. "A dakatar da awo a fadamar gabas har a nuna mana taswirar da aka amince da ita" buƙata ce da jami'i zai iya aiki da ita. "A dubi halin da talakawa ke ciki" ba buƙata ba ce. A haɗa hotuna da jerin sunaye da sa hannu ko dangwale. A kai da hannu, a sa a buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafinku. Takardar da ba ta da wannan hatimi, a ofis ba a taɓa kawo ta ba.

Idan awon igiya ne, hukumar tsara birane ce wurin zuwa, KNUPDA a Kano, KASUPDA a Kaduna, domin ita ke da ikon tsayar da ginin da ba izini. A nan lissafi yana taimakawa. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Fuloti mai ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, wato hekta tana ɗaukar 21 idan ba a bar hanya ko ɗaya ba. Idan aka ware kashi 30 cikin 100 don tituna da magudanan ruwa da makaranta, sai su koma wajen 15. Wannan bambanci na fuloti shida shi ne ribar da ke sa mai awo ya matse lungu, ya cike kududdufi, ya haɗa da burtali. Shi ne kuma dalilin da unguwar za ta riƙa cika da ruwa kowane Agusta, domin kududdufin da aka cike nan ne ruwan gari ke taruwa tun asali.

Idan babban aiki ne, a duba dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992. Ta wajabta bincike kafin a fara rukunin gidaje mai hekta 50 ko fiye, da rukunin masana'antu mai irin wannan girma, da aikin noma da zai tashi iyalai 100 ko fiye, da fasa dutse a cikin kilomita 3 daga mazaunin mutane. Ma'aikatar muhalli ta tarayya takan baje rahoton na kwanakin aiki 21, a sakatariyar ƙaramar hukuma da ma'aikatar muhalli ta jiha, don jama'a su yi sharhi. Kusan kullum kwanakin sukan ƙare ba wanda ya leƙa daga ƙauyen. A sa mutum ɗaya ya riƙa tambaya a sakatariya duk mako. Idan an samu rahoton, a duba ko ya ambaci fadama da burtali, a duba jerin waɗanda aka ce an tuntuɓa ko da gaske mutanen gari ne. Wata dabara da za a lura da ita: a raba aikin hekta 80 gida biyu don kowanne ya gaza 50.

Masu yashi da marmara kuwa dokar ma'adinai ta 2007 ce ta hau kansu. Lasisi daga tarayya yake fitowa, yana buƙatar yardar mai fili, kuma sashe na 116 ya wajabta yarjejeniyar raya al'umma kafin a fara aiki. A nemi ganin lasisin da lambobin wurin da ya shafa, domin sau da yawa lasisin na wani wuri ne, haƙar kuma tana wani wuri.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, wanda aka hana kuma yana da kwana 30 ya je kotu. Jihohi sun daɗe suna cewa ba ta shafe su ba, amma a 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta shafe su. A nemi abu takamaimai: kwafin taswirar unguwa mai lamba kaza, kwafin sanarwar soke mallaka, jerin waɗanda aka biya diyya. Hukumar karɓar koke-koke ta tarayya tana da ofis a kowace jiha kuma kyauta ce, sai dai ba ta cika karɓar abin da ya wuce wata 12 ba, ba ta kuma taɓa maganar da ke gaban kotu. Majalisar dokokin jiha ma tana da kwamitin koke-koke.

Rediyo yana da ƙarfi a ƙasar Hausa, shiri irin Inda Ranka na Freedom Radio yana iya sa a ɗaga waya a ofishin da ya yi wata uku bai amsa wasiƙa ba. Amma a je bayan an kai takarda, ba kafin ba, kuma mutum ɗaya ko biyu da aka zaɓa su yi magana. A faɗi abin da ke cikin takarda kawai. Kada a kira wani ɓarawo, a rediyo ko a Facebook, domin ƙarar ɓata suna da dokar laifukan intanet ta 2015 su ne hanya mafi sauƙi ta mayar da mai ƙorafi wanda ake tuhuma. Haka tuge turakun safiyo ko taɓa katafila: laifi ne, kuma kyauta ce ga abokin jayayya. Zaman lumana haƙƙi ne, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce a 2007 ba a buƙatar izinin 'yan sanda, amma a sanar da su a rubuce. Wanda ya san abin da ya faru a Bakolori, a yankin Talatar Mafara, a Afrilun 1980, lokacin da manoman da madatsar ruwa ta raba da gonakinsu suka tare hanyoyi suna neman diyya aka buɗe musu wuta, ba zai tura matasa gaban bindiga da wasa ba. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, masu bincike suka ce ɗaruruwa.

Kotu ita ce ta ƙarshe a tsari amma kada a makara. Lauyan gwamnati zai fara da dokar kare jami'ai mai wa'adin wata 3. Kotuna sun sha cewa ba ta shafi ƙarar neman ƙasa ba, amma gardamar kaɗai tana iya cin shekara, don haka a shigar da ƙara cikin wata ukun a huta. A shigar da ita da sunan mutum uku ko huɗu a madadin sauran, da takardar wakilci mai sa hannun kowa, don kada janyewar mutum ɗaya ta kashe ta. A nemi umarnin dakatar da aiki tun ranar farko, domin alƙali ya fi sauƙin hana a fara gini fiye da ya ce a rushe gidaje 200 da mutane a ciki. A kuma tabbata kotun tana da hurumi: fili mai takardar gwamna sai babbar kotun jiha. Shekaru sun sha salwanta a kotun da ba ta da ikon sauraron maganar tun farko.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a wani ɓangare. Tsarin dokokin karkara da aka fara a 1993 ya kafa kwamitocin ƙasa tun daga matakin ƙauye, masu rubuta ciniki da aro da jingina, su kuma sa wa burtali alama. Duk da haka shingen itatuwan da aka fara dasawa kewaye da Yamai a 1965, mai kusan hekta 2,500, yankan fuloti ya ci babban ɓangarensa. Doka da alama ba sa tsare fili idan ba mutanen da ke zagaya shi duk shekara.

Idan aikin zai tafi

Sau da yawa haka za ta kasance, kuma a nan ne kwamiti mai taswira ke cin ribar wahalarsa. Ranar ƙidayar amfanin gona kowane mai gona ya tsaya a gonarsa, a ƙirga itatuwa ɗaya-ɗaya da nau'insu da girmansu, a rubuta rijiya da shinge da bututun ban ruwa, ya karɓi kwafin takardar kafin ya sa hannu. Ana iya ɗaukar ƙwararren mai kimanta kadara ya wakilci gari, a rubuta kasonsa tun farko. Kada a yarda a biya diyyar gari a dunƙule ta hannun mutum ɗaya. Sashe na 29 na Dokar Amfani da Ƙasa ya ba gwamna zaɓin biyan al'umma, ko shugabanta, ko wani asusu, saboda haka a nemi asusu tun da wuri, kuɗin kowane manomi kuma ya shiga asusunsa na banki.

Abin da za a nema a zana a cikin taswirar unguwar kanta, da lamba da girma, shi ne: fadama da tazarar da ba za a yi gini ba daga bakin rafi, burtali da faɗinsa har ya fita ɗaya gefen, kududdufi a matsayin matattarar ruwa, ƙarin filin maƙabarta da na makaranta, da filin faɗaɗa gari don 'ya'yan da za su yi aure nan da shekara 20. Fulotan diyya a nemi a ba da su a wuri ɗaya kusa da gari, da lambobinsu a takarda, ba a warwatse a bakin kwari ba, kuma a ja kunnen mutane kada su sayar da takardar tun kafin a nuna musu filin, lokacin da dillalai ke saye a arha. Alkawarin baki na kwamishina yana ƙarewa ranar da aka sauya shi. A sa yarjejeniyar a rubuce da sa hannun babban sakataren ma'aikata, a haɗa ta da kwafin taswirar da aka amince da ita, in kuma akwai ƙara a kotu, a kai ta gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin sulhu, yadda za a iya tilasta aiki da ita ko gwamnati ta canza.